Duƙushin Malam da Dakashin da Aka Zubar



Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin Gani, ko a Nikki ko a nan Zugu, wato Djougou, ya ga mahaya sun saki linzami ƙura ta turnuƙe, zai rantse babu wani abu game da doki wanda mutanen ƙasarmu ba su sani ba. Hakika mun iya hawa, mun iya ɗaura sirdi da jalala, mun san harawa mai kyau, mun san sa'ad da doki yake bukatar kanwa. Amma fa dawakinmu kusan duka na saye ne. Tun zamanin da ayarin fataken Kano da Sakkwato suke yada zango a Zugu kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro, daga arewa doki yake gangarowa. Wani masanin tarihi ɗan Birtaniya, Robin Law, ya bayyana a littafinsa na 1980 a kan tarihin doki a Afirka ta Yamma cewa ƙasashen kudu, har da daular Oyo mai yawan mahaya, sun dogara ne ga dawakin da ake kawo musu daga arewa, saboda ƙudan tsando da cutar sammore ba sa barin doki ya daɗe, balle ya hayayyafa. Ga shi kuma ingarma ake so, goɗiya ba a cika hawanta a bainar jama'a ba. Saboda haka muka gaji ilmin hawa mai yawa, ilmin haihuwar doki kuwa kaɗan ƙwarai ya iso hannunmu.

Mahaifina, wanda yake limanci a Pélébina, kudu da Zugu, yana da goɗiya guda, kyautar wani tsohon ɗalibinsa mai fatauci. Ta zo mana da ciki. Goɗiya takan ɗauki ciki kimanin wata 11, tamu kuwa ta sauka ne a watan Janairu na 2023, tsakiyar hunturu, cikin dare, kamar yadda goɗiyoyi suka saba. Duƙushi ne namiji, bikili, mai farin goshi. Ni ina Parakou a lokacin, sai a kwana na biyu na iso gida, na tarar gida cike da murna, almajirai suna ta leƙen barga.

Dattijon da yake kula da goɗiyar mutum ne mai amana, ya yi shekaru da yawa yana hidimar dawakin masu sarauta. Shi ya ba ni labari, cikin alfahari, cewa tun kwana uku kafin haihuwa nono yake ɗiga daga hantsarta, da ta haihu kuma ya tatse ragowar wannan ruwa mai kauri, mai kalar rawaya, ya zubar, ya kange duƙushin har gari ya waye sosai don kada ya sha ƙazanta. Ya yi haka ne da kyakkyawar niyya, haka ya ga ana yi wa jarirai a gidajen da ya tashi. Ni dai gabana ya faɗi, domin na tuna darasin ilmin halittu da aka koya mana a kwaleji, daga baya kuma likitan dabbobi ya cike mini abin da ban riƙe ba.

Ga yadda al'amarin yake. Jaririn ɗan Adam yana samun sinadaran garkuwa daga jinin uwarsa tun yana ciki. Mahaifar goɗiya kuwa Allah ya yi ta da shamaki mai kauri, waɗannan sinadarai ba sa ƙetarewa. Don haka duƙushi yana faɗowa duniya kusan ba shi da makamin yaƙi da kowace irin cuta. Dukkan garkuwarsa tana cikin dakashi, wato nonon farko. Hanjinsa kuma a buɗe yake na ɗan lokaci kaɗan don ya tsotse ta zuwa cikin jini: awa 6 zuwa 8 na farko su ne mafi amfani, bayan awa 12 ƙofar ta fara rufewa, kafin awa 24 ta rufe ƙirif. Abin mamaki, wannan buɗaɗɗiyar ƙofa ba ta tantance mai shiga. In duƙushi mai yunwa ya yi ta lasar turke da ƙasa da ƙafafun uwarsa yana neman nono, ƙwayoyin cuta ne za su bi ta hanyar da aka tanadar wa garkuwa. Ga kuma cibiya ɗanya tana kwance cikin kashin doki. Masu kiwon doki a ƙasashen Turai suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: duƙushi ya miƙe cikin awa 1, ya kama nono cikin awa 2, mabiyiya ta faɗo cikin awa 3. In ɗaya ya saɓa, a nemi likita.

A kwana na uku abin ya bayyana, amma a hankali, yadda mai wucewa ba zai lura ba. Lafiyayyen duƙushi a makonsa na farko yana iya kama nono har sau 7 a awa guda. Namu sai ya yawaita barci. In an tashe shi ya je ƙarƙashin uwar ya tsaya, ba ya tsotsa, nono yana feso masa a fuska ya bushe a kan hancinsa. Hantsar goɗiyar ta cika ta yi tauri. Dattijon ya ce sanyi ne. Na ɗaga leɓensa na ga dasashinsa ya yi ja wur, cikin kunnuwansa kuma akwai 'yan ɗigo-ɗigo kamar an tsattsaga da allura. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da na kwantar da shi na duba, cibiyar ta kumbura, tana da ɗumi, tana tsattsafar da ruwa.

Likitan dabbobin da muka kira ya zo daga Zugu a kan babur bayan la'asar. Ya auna zafin jikin ya samu 39.8, alhali na lafiyayyen duƙushi bai kamata ya wuce 38.9 ba. Ya ce cuta ta shiga jini, kuma ya faɗa mana gaskiya ba tare da kwana-kwana ba: a Faransa irin wannan duƙushi akan kwantar da shi a asibiti, a ƙara masa ruwan jinin lafiyayyen doki wanda aka adana cikin ƙanƙara, ya maye gurbin dakashin da ya rasa. Mu ba mu da wannan. Abin da muke da shi shi ne allurai iri biyu, penisilin da jentamisin, da ƙarin ruwa, da allurar rigakafin tetanos, sai kuma hannuwanmu. Ya gargaɗe mu cewa jentamisin yana lalata ƙoda idan jiki ya bushe, saboda haka duk wanda ya bari duƙushin ya rasa ruwa ya mai da magani guba. Bai yi mana alkawarin komai ba.

A daren nan muka zauna da Malam a zaure. Kuɗin da likita ya ƙiyasta ya kusa kai abin da aka ware don gyaran rufin ɗakin almajirai kafin damina. Wani kawuna ya ce a bar wa Allah, goɗiya za ta sake haihuwa, ɗan doki ba ɗan mutum ba ne. Maganarsa tana da nauyi, ban raina ta ba, domin rufin yana yoyo da gaske. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, in an fara ba a tsayawa a tsakiya, kwana goma ko fiye za a yi ana allura." Malam ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce dabbar daji tana da daji, amma wadda muka ɗaure a turke ba ta da kowa sai mu, kuma ba ta zaɓi a hana ɗanta nono ba. Ya ce a sayar da buhunan kaju biyu da suka rage daga bara, kuɗin rufi kada a taɓa.

Abin da ya biyo baya shi ne aikin da ba ni mantawa. Duƙushi mara lafiya ba a barinsa kwance a gefe ɗaya shame-shame, domin huhun da yake ƙasa yana danƙarewa, fatar kwatangwalo da gwiwa kuma tana ƙujewa ta zama gyambo. Muka share wani ɗakin ajiya, muka shimfiɗa tsohuwar katifa da buhuna, muka cika wasu buhunan da ƙaiƙayi muka tokare shi ya zauna a kan ƙirjinsa kamar raƙumi. Kowace awa 2 a juya shi, a goge masa fitsari, a canza shimfiɗa, a ɗaga shi ya tsaya ko da na minti guda ne. Sanyin hunturu na asuba yana ratsa ƙashi, ga shi jikinsa ba ya riƙe ɗumi, sai muka lulluɓe shi da bargon Inna, muka jera kwalaben ruwan ɗumi naɗe da tsumma a bayansa. Goɗiyar muka ɗaure ta a bakin ƙofa inda za ta riƙa ganinsa tana shinshinarsa, in ba haka ba sai ta fasa barga.

Ciyarwa ta fi komai wuya. Likita ya ƙiyasta nauyinsa kilo 30, ya ce a fara da kashi 10 cikin 100 na nauyin a yini, wato lita 3, a raba gida 12, kwata na lita kowace awa 2, dare da rana. Ya hana mu ɗura ƙwarai da gaske. Duƙushin da ba ya tsotsa, in aka ɗaga kansa aka zuba masa nono, huhu yake tafiya, kuma wannan kaɗai ya isa ya kashe shi. Saboda haka a kwana biyun farko ta siririn tiyo da likita ya zura masa ta hanci muke ba shi, kullum sai ya zo ya duba ko yana daidai. Ni nake tatsar goɗiyar, wadda da farko ta yi ta harbi, daga baya ta saba har takan buɗe ƙafa da kanta. Ranar da nononta ya gaza, wata Bafillatana maƙwabciyarmu ta kawo na akuya, wanda duƙushi yake karɓa fiye da na saniya. Inna ta so ta zuba sukari don ya samu ƙarfi, likita ya ce a'a, hanjin sabon duƙushi bai iya narkar da sukarin shayi ba, zawo zai sa shi.

Muka raba dare tsakanina da manyan almajirai uku. Dattijon nan kuwa, ba wanda ya sa shi cikin rabo, amma bai kwana a gidansa ba ko sau ɗaya. Ba wanda ya ce masa uffan a kan dakashin, Malam ya hana. Shi yake wanke cibiyar da ruwan kulorheksidin da aka sirka, ba aidin mai ƙarfi ba, wanda yake ƙona fata. Hannunsa ya fi namu sanin jikin doki nesa ba kusa ba, shi ne ma ya fara jin ɗumi a gwiwar baya ta hagu a kwana na shida, tun kafin ido ya ga kumburi.

Wannan shi ne abin da likita ya fi tsoro. Ƙwayoyin cutar da suke yawo cikin jini sukan sauka a gaɓoɓin duƙushi, su ci guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Mutane da yawa in sun ga duƙushi yana ɗingishi sai su ce uwarsa ce ta taka shi, su jira, alhali jiran shi ne asarar ƙafar. A ranar likita ya sa masa maganin barci, ya soka allurai biyu a gaɓar, ya yi ta tura ruwa ta ɗaya yana fita ta ɗayar, da farko gurɓatacce har ya koma garau. Sau biyu aka yi haka, aka kuma tsawaita allurai zuwa mako uku.

A kwana na takwas, bayan sallar asuba, na sa yatsana a bakinsa kamar yadda nake yi kullum, sai na ji harshensa ya naɗe shi ya ja da ƙarfi. Muka tallafe shi mu biyu muka kai shi ga uwar. Ya yi ta laluben cikinta da cinyarta, har dai ya kama. Almajirin da yake riƙe da fitila ya yi kabbara da ƙarfi har goɗiyar ta zabura.

Wata magana ta taso a cikin gida a kwanakin nan wadda ban zata ba. Inna da matata da wasu maƙwabta suna tsaye suna kallon tatsa, sai Inna ta ce ai su ma a zamaninsu haka ake yi, a matse dakashi a zubar, a ba jariri ruwan ɗumi ko na dabino har nono ya yi fari. Matata, wadda ta je awon ciki a asibiti, ta ce ungozomomi yanzu suna cewa a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, kuma haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara. Gaskiya ne jaririn mutum bai kai duƙushi shiga haɗari ba, tun da ya zo da guzurin garkuwa daga ciki, amma dakashi shi ne yake shafe masa hanji ya kare shi daga zawo da sauran cututtuka. Inna ta yi shiru, sannan ta lissafa 'ya'yan unguwa da ta sani waɗanda ba su kai ranar suna ba. Ba ta ce dakashi ne sanadi ba, mu ma ba mu ce ba.

Duƙushin ya rayu. Rufin almajirai ma an gyara shi kafin ruwan farko. Gwiwar hagun ta fi ta dama kauri, kuma likita ya ce haka za ta zauna. Yana tafiya daidai, yana sassarfa ba a gane komai, amma in ya yi sukuwa mai tsawo washegari sai a ga yana tausaya wa ƙafar. A 2025 wani mahayi daga Zugu ya zo ya taya shi da kuɗi mai kyau, yana son ya horar da shi don Gani. Malam ya sa aka fito da shi fili, ya kama hannun baƙon ya ɗora a kan gwiwar, ya gaya masa duk abin da ya faru. Mutumin ya shafa, ya yi godiya, ya janye tayinsa. Dokin ya zauna a gida, Malam ya ce in ya ƙara ƙwari shi zai riƙa kai shi ƙauyukan kewaye ɗaurin aure da zanen suna, tafiyar da ba ta bukatar gudu.