Taguwar Khansa'u

Daga cikin marsiyyoyin da muka gada a karatun Larabci, kaɗan ne suka kai waƙar da Khansa'u ta yi wa ɗan'uwanta Sakhru, mai amsa-amon "ra". Sunanta na yanka Tumadir, 'yar ƙabilar Banu Sulaim. Shi kuwa Sakhru rauni ya samu a wani hari, ya yi doguwar jiyya, ya rasu tun kafin Musulunci ya iso wa mutanensa.

Idan muka tambayi ɗalibai wane adon harshe ya fi burge su a waƙar, galibi sukan nuna inda aka kamanta mamacin da dutse mai wuta a ƙwanƙolinsa. Ba su yi laifi ba. Kamantawar ta yi armashi, musamman da yake ma'anar sunan Sakhru ita ce dutse. Sai dai kuma wannan yabo ne, kuma yabo kowane maroƙi ya iya shi. Mu a ganinmu zuciyar waƙar tana wajen taguwa, wato macen raƙumi.

Al'adar makiyayan Larabawa ce idan ɗan taguwa ya mutu su feɗe shi, su cusa ciyawa a fatar, su ajiye gaban uwar don ta ci gaba da ba da nono. Da wannan taguwa Khansa'u ta gwada kanta. Dabbar tana kewaya fatar tana kuka. In ta shagala sai ta ɗan yi kiwo, da zarar ta tuna kuwa sai ta shiga kai-komo. A lura, mawaƙiyar ba ta kira ta mai kai-komo ba, cewa ta yi ita kanta taguwar kai-komo ce. Abdulƙahir Jurjani, wanda ya rasu a 1078, ya tsaya a kan wannan gaɓa cikin Dala'ilul I'ijaz, ya nuna cewa duk wanda ya cusa kalmar "mai" a nan don ya daidaita nahawu ya ɓata waƙar. Gaskiyarsa. Baƙin ciki ya cinye dabbar har ba abin da ya rage nata sai zirga-zirgar. Bayan duk wannan sai Khansa'u ta ƙara da cewa zafin da taguwar ke ji bai kai nata ba.

Daga nan ne maimaicin da ke cikin waƙar ke yin ma'ana. Baiti bayan baiti tana farawa da sunan Sakhru, ta ɗan yi nisa cikin lissafin kyautarsa da jarumtakarsa, sai ta dawo kan sunan. Mai gaggawa zai ce ƙarancin kalmomi ne. A'a, kewayar fata ce. Sunan shi ne abin da ya rage mata, ba ya motsi, ba ya amsawa, amma shi ke sa waƙa ta zubo kamar yadda fatar ke sa nono ya zubo.

Kunnenmu ya saba da wani tsari daban. Marsiyyar da Nana Asma'u ta yi wa Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ita ma akwai kuka a cikinta, amma kukan yana da mafita, domin akwai addu'a da fatan rahama. A waƙar Khansa'u ba mu tarar da wannan ƙofa ba. Ta riski Musulunci daga baya ta karɓe shi, amma Sakhru bai riske shi ba, don haka taguwar tana nan tana kewaya.