Ɓarawon Cikin Bango

Wanda bai taɓa yin bazara a Damagaram ba zai ɗauka wasa nake in na ce na sa wa famfo kwaɗo. To, na sa. Na kai wa mai walda awo, ya yi mini ɗan akwatin ƙarfe da ya rufe kan famfon tsakar gida, na sayo kwaɗo na jika guda a kasuwar Dole, na kulle, na haɗa makullin da na babur ɗina. Ni ɗin nan da nake zama gaban makirfo kowace safiya ina karɓar kiran mutanen da suka kwana layin ruwa.

Ƙishirwar garin nan ta girmi kakannin masu kira na. Bisa dutse garin yake zaune, kuma dutse ba ya riƙe ruwa, shi ya sa daga nesa ake jawo mana shi, daga Gogo da Machaya, da Arungoza, da Ganaram. Ko a 1926, da Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan suka mai da shi Yamai, ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake ambata. A unguwarmu, in zafi ya tsananta, sai tsakar dare famfo yake tari ya kawo ruwa, wani lokaci kafin asuba ya ɗauke. Abin da ya sa na yarda da tsadar hayar gidan da muke ciki shi ne tankin lita 1000 da ke bisa soro. Ruwa ya zo muna barci, ya cika, mu yi kwana biyu muna lallaɓawa.

A watan Maris sai lissafi ya fara ƙin fita. Tankin da ke kai mu kwana biyu ya koma ba ya kai la'asar ta kwana na biyu, daga baya ma da kyar yake wuce yini guda da rabi. Kuɗin ruwa kuma ya hau. Na fara da kamfanin ruwa, kamar kowa, na ce iska suke tura mana a bututu. Na koma kan yara da wasan ruwa. Daga ƙarshe idona ya sauka kan jikokin Inna.

Inna maƙwabciyarmu ce, tsohuwa, mijinta ya rasu, tana riƙon jikoki uku, gidanta ba famfo. Tun da muka tare, babbar jikar takan shigo da safe da bido biyu masu lita 25, ta gaishe mu, ta ɗiba, ta tafi. Ba wanda ya ba ta izini da baki, ba kuma wanda ya ga akwai bukatar a bayar. Ni ne na fara ƙirgawa. Na ce ai ba biyu take ɗiba ba, in na fita aiki komawa take yi.

Ranar da na kawo akwatin ƙarfen, uwargida ta tsaya bakin madafa tana kallona.

“Malam, ruwa ne fa.”

“Na san ruwa ne. Ni nake biya.”

“To kai za ka gaya wa Inna, ban da bakin faɗa.”

Ban gaya mata ba. Kwaɗon ne ya gaya wa yarinyar washegari. Ta shigo, ta gani, ta gaida uwargida, ta juya da bidonta ba kome ciki. A safiyar nan ina can ina ce wa masu saurare a riƙa taimakon juna a wannan lokaci na zafi.

Mako uku kwaɗo yana rataye, tanki bai ƙara ko awa guda ba.

Kunne ne ya kama ɓarawon, kuma ba don ina nemansa ba. Akwai ɗakin baƙi a gidan, mai ban ɗaki a ciki, wanda ba ma shiga sai in an yi baƙo. Can nake ɗaukar murya in aiki ya biyo ni gida, don katifa da labule suna shanye amo. Wani dare na ɗauki sharhi na minti huɗu, na sa abin kunne ina sauraro, sai na ji wani siririn “sss” a ƙarƙashin muryata. Na canza waya, yana nan. Na kashe fanka, na sake ɗauka, yana nan. Duk wanda ya yi aikin rediyo ya san yadda irin wannan ƙara take hana mutum barci. Sai na ɗauki makirfon ina bin ɗakin da shi kamar mai neman kunama, har ya kai ni bangon ban ɗaki. A cikin bangon ƙarar take.

Masan da ke wurin irin na zama ne, amma ba ka ganin tankinsa. Kwano ne kawai manne da bango, sai wani faranti mai maɓalli biyu a sama, babba na lita 6, ƙarami na lita 3. Tankin yana binne bayan tayil. Kamfanin Geberit na Suwizalan ne ya fito da irin wannan tanki a 1964. Namu dai ba nasu ba ne, kwaikwayo ne marar suna, mai gidan ya ga irinsa a otal a wata tafiyarsa ta fatauci ya ce shi ma sai ya sa. Mu kuwa masan tsakar gida da buta sun ishe mu, shi ya sa aka yi watanni ba wanda ya leƙa. Na haska fitila cikin kwanon, na ga ruwa yana gangarowa ta baya, siriri kamar zare, ya bar wani jan layi a inda yake bi. Na goge wurin, na manna takarda, kafin in miƙe ta jiƙe.

Mai gyaran famfo na farko da na kira ya ƙwanƙwasa tayil da bayan yatsa, ya ce sai an fasa bango, jika 35 ban da kayan aiki. Na tuna kuɗin ajiyar da mai gida yake riƙe da su, na tuna irin tayil ɗin ba a samunsa a gari, na ce zan neme shi.

Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da wani dattijo da ya yi shekaru yana gyaran famfo a gidajen ma'aikatan ma'adinai a Arlit kafin ya dawo gida. Ya zo a kan keke, ba guduma, ba kurfi, sai sukundireba ɗaya a aljihu. Da na faɗa masa batun fasa bango, sai da ya yi dariya har ya dafa ƙofa.

“Mai rediyo, kaza ce ta kwana kan dami. Ga ƙofa kana kallonta kullum.”

Ya sa tafin hannu a ƙasan farantin maɓallan, ya ɗan tura shi sama, ya jawo, sai ga shi a hannunsa. Bayansa akwai wani marufin roba, da sanduna biyu masu tura maɓalli, da wani ɗan gadon roba da suke zaune a kai. Ya ciro su ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a ƙasa bisa tsarin da ya cire su, ya ce in ɗauki hoton kowane mataki da wayata don kada mu rasa hanyar komawa. Sai ga rami, faɗinsa bai fi littafin makaranta ba. Duk abin da ke iya lalacewa a cikin tankin, ta wannan ramin aka tsara ya fito.

Ya ce abu biyu ne ke sa irin wannan tanki yoyo, kuma duka a kwano ruwan yake ƙarewa, shi ya sa bango ba ya jiƙa balle a farga. Ko dai abin da ke shigo da ruwa ya ƙi rufewa in tanki ya cika, rarar ta riƙa bi ta wani bututu da aka tanada don haka, ko kuma robar da ke toshe ƙasan tanki ta daina kamawa. Gane wanne ne ba wuya. Akwai ɗan famfo a ciki, ta gefe. In ka rufe shi yoyon ya tsaya, ruwa kuma ya zauna a inda yake, laifin na mai shigo da ruwa ne. In yoyon ya ci gaba har tanki ya zama fanko, roba ce.

Muka rufe, muka zauna a dakali muna shan shayi. Da muka koma bayan rabin awa, ba ko ɗigo a ciki.

Ban san lokacin da na fara lissafi ba. Lita 6 a rabin awa, 12 ke nan a awa, 288 a yini da kwana. Bido 11 da ɗoriya. Jikar Inna biyu take ɗiba.

Hannun Baba ya yi wa ramin kauri, idonsa kuma ba ya gani sosai a duhu, don haka ni na tura hannu har gwiwar hannu yana ba ni umarni daga baya. Na laluba na kama doguwar robar da ke tsakiya, na murɗa kaɗan, na karkato kanta, ta fito tana ɗiga. A gindinta ga robar, zagayayya, faɗin bakin kofi. Ta yi ƙuraje guda uku kamar bororon ƙuna, ruwa ya shige cikin naman robar ya kumbura ta. A mazauninta kuma na shafo yashi da wani farin dasashi. Baba ya ce duk lokacin da ruwa ya ɗauke ya dawo, da ƙasa yake dawowa, kuma ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana roba zama.

Ya karɓi allura wajen uwargida ya huda ƙurajen, ya matse ruwan, ya juya robar ta ɗaya fuskar. Ni kuma na wanke mazaunin da tsohon buroshin haƙori da ruwan lemun tsami, muka ciro ƴar rariyar da ke bakin mai shigo da ruwa muka kakkaɓe yashinta. Na ce ko mu yanko sabuwa daga tsohon tub na babur. Ya ce a'a, robar tub tana da lanƙwasa a jikinta, ba za ta kwanta daidai ba, kuma kada in kuskura in shafa mata man mota ko in jefa ƙwayar bilic a tankin, su ke cinye roba. Hudar allura ta kwana kaɗan ce, in nemo sabuwa.

Muka mai da komai, muka buɗe ɗan famfon. Tanki ya cika, ƙarar ta yi siriri, ta ɗauke. Na sa abin kunne na kanga makirfo a bango. Shiru. Jika biyu Baba ya karɓa, da kyar, sai kuma ya ce in gaida shi a rediyo.

Ban sami robar a shagunan gari ba. Wani direban Kano na ba tsohuwar bayan na auna ta a takarda, ya kawo mini guda biyu bayan kwana tara, kuɗinsu bai kai na kwaɗon ba.

A daren da aka yi gyaran na cire akwatin ƙarfen. Uwargida tana gani ba ta ce uffan ba. Da safe, kafin in wuce aiki, na yi sallama gidan Inna, na durƙusa na gaishe ta, na fara kame-kamen bayanin tanki da roba da bango. Ta bar ni na gama.

“Ba kome, ɗan nan. Ai gidanka ne.”

A makonnin nan uku, ashe, wajen ɗan garuwa take saye in da kuɗi, in babu yaran su tafi wani famfo a bayan makaranta su bi layi kafin a shiga aji. Uwargida ce ta gaya mini wannan, ita ma daga baya.

Sai da aka yi kwana goma yarinyar ta dawo da bidonta. Yanzu takan tsaya daga bakin zaure, ta yi sallama, ta jira sai wani ya fito.

“Baba, in ɗiba?”

Na ce mata sau uku ba sai ta tambaya ba. Jiya ma ta tambaya.