Me Ya Sami Star Wars da Marvel?

Jama'a, wannan rubutun zai ɗan yi tsawo, kuma na yi shi ne domin waɗanda suka tashi da kallon Star Wars da jaruman Marvel. Tun wajen 2017 masoyan waɗannan finafinai ke wata rigima da har yau ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu na cewa kamfanonin Amurka sun daina ba da labari sun koma wa'azi a kan 'yancin mata da launin fata. Wasu kuma na cewa duk mai ƙorafi ƙiyayya ce kawai ke cin sa. Ni ina cikin masu ƙorafin, domin abin da aka yi wa labaran nan ya yi mini ciwo ƙwarai. Amma a ganina da yawa daga cikinmu ba mu kama bakin zaren ba.

Mu fara da Star Wars. A 2012 kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm daga hannun George Lucas a kan kuɗi sama da dala biliyan 4. Aka yi alkawarin sabbin finafinai uku masu bin juna. Na farko, The Force Awakens, ya fito a 2015 a hannun J.J. Abrams, ya tara sama da dala biliyan 2. Ya bar mu da tambayoyi cike da baki. Su wane ne iyayen Rey, jarumar fim ɗin? Wane ne Snoke? Me ya kori Luke Skywalker zuwa wani tsibiri a ƙarshen duniya? Fim ɗin ya ƙare Rey tana tsaye a kan dutse tana miƙa wa Luke takobinsa na haske, shi kuma yana kallonta bai ce uffan ba. Shekara biyu mutane suna jiran abin da zai ce.

A 2017 Rian Johnson ya kawo The Last Jedi. Luke ya karɓi takobin, ya dube shi, ya wurga shi ta bayan kafaɗarsa ya yi tafiyarsa. Aka kashe Snoke ba tare da an faɗi asalinsa ba. Aka ce wa Rey iyayenta ba kowa ba ne, wasu matalauta ne da suka sayar da ita. Mutane da yawa sun fusata. Ni wannan na ƙarshen ya burge ni, domin magana ce mai nauyi a ce 'yar talaka marar dangi za ta iya zama jaruma a labarin da kullum ake gadon girma ta jini. Da an riƙe wannan hanyar har ƙarshe, ko wanda bai so ba zai ce aƙalla sun san inda suka dosa.

Sai ga 2019. Daraktan da aka fara ɗauka domin fim na uku, Colin Trevorrow, ya riga ya bar aikin tun 2017, aka dawo da Abrams. The Rise of Skywalker ya zo ya rushe kusan duk abin da na biyu ya gina. Rey ta zama jikar Palpatine, babban mugun finafinan baya. Shi kansa Palpatine, wanda muka ga an jefa shi rami tun a fim ɗin 1983, ya dawo da rai, bayanin da aka yi mana bai wuce 'yan kalmomi ba. Saƙon da aka ce ya aika wa duniya ma ba a cikin fim ɗin aka ji shi ba, a cikin wasan bidiyo na Fortnite aka saka shi. An nuna mana Chewbacca ya mutu, kafin hawaye ya sauko an nuna yana raye. An goge ƙwaƙwalwar C-3PO, an yi bankwana mai taɓa zuciya, can gaba aka mayar masa da ita. Idan duk asarar da aka nuna za a janye ta bayan minti kaɗan, mai kallo ya daina tsoron komai, ya daina jin tausayin kowa. Daga baya Daisy Ridley, wadda ta fito a Rey, ta faɗa da bakinta cewa maganar asalin Rey ta yi ta canzawa har ana cikin ɗaukar fim. Wato an zuba biliyoyin daloli a labari mai kashi uku ba a zauna an yanke yadda zai ƙare ba. A cikin duk wannan ɓarnar, ku nuna mini wadda kasancewar Rey mace ta jawo.

Masu cewa a cire saƙo daga fim gaba ɗaya sun manta tarihin abin da suke so. George Lucas ya sha faɗa cewa yaƙin Biyetnam na cikin ransa lokacin da yake rubuta Star Wars na 1977: babbar daula mai manyan makamai, da ƙananan 'yan tawaye da suka hana ta barci. Mujallar farko ta Captain America ta fito da hotonsa yana naushin Hitler a bango, watanni kafin Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu a Disambar 1941. Labaran X-Men, waɗanda aka fara a 1963, sun daɗe suna magana a kan mutanen da ake tsangwama saboda yadda aka halicce su. Balle mu Hausawa, mu da idan fim ya ƙare tambayar farko ita ce wane darasi ya koyar. Faɗakarwa muke nema tun kafin nishaɗi. Abin da ke gundurar mu, ko a namu finafinan, shi ne a dakatar da labari a zaunar da wani dattijo ya fuskanci kyamara ya yi ta jero nasiha, alhali babu abin da ya faru a fim ɗin da ya sa nasihar ta shiga jiki.

Ku tuna Black Panther na 2018, wanda Ryan Coogler ya ba da umarni. Akwai wurin da Killmonger, mugun fim ɗin, ke tsaye a wani gidan tarihi a Landan, yana kallon kayan Afirka a cikin gilashi. Jami'ar wurin tana riƙe da kofinta tana yi masa bayanin inda kowane kaya ya fito, har da na Benin. Ya bar ta ta gama, sannan ya gyara mata, ya tambaye ta yadda kakanninta suka mallaki kayan tun farko. Duk ɗan Najeriya da ya san abin da sojojin Ingila suka kwashe daga fadar Benin a 1897 ya ji wannan tambayar a ƙirjinsa. Amma ku lura, mutumin da ya faɗi gaskiyar nan ya riga ya sa an zuba wa matar guba a abin shanta. Gaskiya a bakin mugu. Mai kallo ya rasa inda zai tsaya, kuma a ƙarshe T'Challa, jarumin fim ɗin, shi kansa sai da ya canja ra'ayi saboda maganar abokin gabarsa. Fim ɗin ya tara sama da dala biliyan 1.3, ya ci kyautar Oscar uku.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Andor, shiri mai dogon zango na Star Wars da Tony Gilroy ya jagoranta, wanda ya fara a 2022. Siyasar da ke cikinsa ta fi ta sauran duka yawa, amma masoya da yawa da suka yi tir da sauran sun karɓe shi hannu bibbiyu. An kama jarumin shirin, Cassian, a bakin teku bai yi laifin komai ba, yana tafiya ne kawai, aka yanke masa shekara shida cikin 'yan daƙiƙu. Aka kai shi kurkukun Narkina 5. Wurin fari fat, tsaf-tsaf, babu sarƙa babu bulala. Fursunoni ba sa sa takalmi, domin daɓen na ƙarfe ne, ana iya sakar masa wutar lantarki a kowane lokaci. Suna haɗa wasu ƙarafa daga safe zuwa dare, teburin da ya fi aiki a ba shi abinci mai ɗanɗano, na ƙarshe a gasa shi da wuta. Shugaban ɗakinsu, Kino Loy, fursuna ne shi ma, ya yarda da tsarin, yana lissafin kwanakin da suka rage masa, yana tsawata wa duk mai maganar gudu. Sai ranar da ya gano cewa ba a sakin kowa, wanda wa'adinsa ya cika wani sashe kawai ake mayar da shi. Shi ne ya jagoranci ɓallewar. Da suka isa bakin ginin, ruwa ya kewaye su ta ko'ina, kowa na faɗawa, sai Kino ya tsaya. Bai iya iyo ba. Ya san haka tun kafin a fara. Ban taɓa jin wata lacca a kan zalunci da ta girgiza ni kamar fuskar mutumin nan a bakin ruwa ba.

A ɓangaren Marvel, yawa ne ya yi musu illa. Daga Iron Man na 2008 zuwa Avengers: Endgame na 2019, wanda ya tara kusan dala biliyan 2.8, labari ɗaya ake ginawa a hankali. Bayan nan aka buɗe famfo domin a cika manhajar Disney+. The Marvels na 2023 ya tsaya a dala miliyan 200 da 'yan kai, mafi ƙaranci a tarihinsu. Nan take wasu suka ce ai dole, mata uku ne a gaba. To amma Captain Marvel na 2019, wanda Brie Larson, ɗaya daga cikin matan ukun nan, ta ja ragamarsa, ya haura dala biliyan 1. A wannan shekarar ta 2023 Barbie, wanda maganar mata ce daga farkonsa har ƙarshe, ya tara sama da dala biliyan 1.4, shi kuwa The Flash mai jarumi namiji ya faɗi warwas. Kafin ka fahimci The Marvels sai ka kalli WandaVision da Ms. Marvel, ga muguwar da ke cikinsa ba ta da wani nauyi, ga yajin aikin 'yan wasa ya hana taurarinsa fita talla sai ana gobe zai fito. Kuma abin takaici, yarinyar nan Iman Vellani, mai fitowa a Kamala Khan, Musulma 'yar asalin Pakistan, ita ce mafi armashi a fim ɗin.

Akwai abubuwa a wasu finafinan nan da suka ci karo da addininmu da tarbiyyarmu, wannan gaskiya ne, kuma haƙƙin kowane uba da uwa ne su tace abin da 'ya'yansu ke kallo. Wannan magana ce mai zaman kanta. Idan muka cakuɗa ta da maganar rubutu, sai mu ba kamfani mafaka.

Kuma suna fakewa. John Boyega, ɗan asalin Najeriya da aka haifa a Landan, shi aka sa a gaba wajen tallan The Force Awakens, riƙe da takobin haske. Labarin Finn, wanda Boyega ya fito a matsayinsa, shi ne mafi daɗi da aka shuka: sojan mugaye da aka sace tun yana jariri, wanda ya ga jini ya ce ba zai harba ba. A fastar da aka kai Chaina aka rage girman hotonsa. A finafinai biyun da suka biyo baya aka bar shi yana bin Rey yana kiran sunanta. A 2020 ya fito ya faɗa a wata hira da mujallar GQ cewa bai kamata a tallata baƙar fata a matsayin ginshiƙi ba sannan a ture shi gefe. Kamfanin da ke alfahari da ba kowa dama bai rubuta masa labarin kirki ba.

Mu ma masoya akwai namu laifin, kuma babba ne. Kelly Marie Tran, wadda ta fito a Rose, ba ita ta rubuta ko layi ɗaya na The Last Jedi ba. Aiki aka ba ta ta yi. Amma aka yi mata rubdugu da zagin launin fata da na siffar jikinta har ta goge duk abin da ta wallafa a Instagram a 2018. An bar jaki ana dukan taiki. Da fim na uku ya zo, fitowarta gaba ɗaya ba ta kai minti biyu ba. Masu zagi suka yi murna, rubutun kuma ya ƙara lalacewa. Duk lokacin da wani ya zagi 'yar wasa, ya ba kamfani damar cewa masu ƙorafi duk irinsa ne, sai a binne ƙorafin gaskiya tare da na banza.

A ƙarshen 2023 shugaban Disney na lokacin, Bob Iger, ya amsa cewa masu shirya finafinansu sun shagala, aikinsu na farko nishaɗantarwa ne kafin isar da saƙo, kuma yawan fitarwa ya rage inganci. Rabin farko na maganar ne ya fi yawo a intanet, amma rabi na biyu ne ke da amfani. Tsorona shi ne su ɗauka maganin shi ne a wanke fim daga duk wata magana mai nauyi, a cika shi da tsofaffin fuskoki. A 2024 aka sanar Robert Downey Jr., wanda ya fito a Iron Man, zai dawo, wannan karon a matsayin Doctor Doom, zauren taro ya ɗauki sowa. A shekarar ce kuma Iger ya ce Marvel zai rage, ya koma fim biyu zuwa uku da shiri kamar biyu a shekara. Wannan sanarwar ba ta samu tafi ba, amma ita na fi sa wa rai, domin ita ce za ta iya ba marubuci lokacin da zai san ƙarshen labarinsa kafin a kunna kyamara.