Ɗan Bawul ɗin Bakin Kwamfuresa: Darussan da Birkin Iska Ya Koya Mini

Duk wata babbar mota da ke bin titunanmu, tirela ce ko tankar mai ko tifa, iska ce ke tsayar da ita. Ƙafar direba ba ta da ƙarfin riƙe tan 30 ko 40 a kan gangara. Iyakar abin da take yi shi ne ta buɗe wa matsattsiyar iska hanya daga tanki zuwa ƙafafun mota, iskar ta tura sanda, lainin birki ya kama duram. Gyaran wannan layi na iska shi ne sana'ata a Kano tun ina yaron gareji mai miƙa sifana. A cikin kayan da ke bi ta hannuna, wanda ya fi koya mini hankali bai wuce cikin tafin hannu ba: wani ɗan bawul ne da ke zama a bakin kwamfuresa yana ƙayyade iskar da take zuƙa. Da yawa daga cikin abokan sana'ata ba su san da shi ba. Wasu kuma in sun gan shi sai su cire, kuma wannan cirewar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Kafin a gane amfaninsa sai an san yadda iskar ke tafiya. Inji ne ke juya kwamfuresa, ta giya ko ta bel, don haka muddin inji na aiki ita ma tana juyawa. Baƙin man inji take sha, ruwan lagireto ke sanyaya kanta. Fistin ya sauka ya zuƙi iska, ya hau ya matse ta, ya tura ta cikin bututu zuwa diraya mai tsotse danshi, daga nan sai tankuna. To amma ba za ta yi ta ɗura iska ba iyaka ba, shi ya sa aka yi mata gwamna. A motocin Amurka irin su Mack, waɗanda masu dakon mai suka daɗe da sabawa da su, idan geji ya kai wajen psi 120 zuwa 125 sai gwamna ya aika iska zuwa wasu ƙananan fistin da ke kan kwamfuresa, su danne bawul ɗin shigar iska su bar shi a buɗe. Babban fistin na ci gaba da hawa da sauka, amma iskar shiga take ta fita ba tare da an matse ta ba. A daidai lokacin ne ake jin diraya ta yi fushhh a ƙarƙashin mota. Idan geji ya sauko wajen psi 100, gwamna ya saki, ɗuri ya ci gaba.

Tambayar da ba kasafai ake yi ba ita ce, daga ina kwamfuresa ke samun iskar da take matsewa? Wata tana da ƙaramar filta tata ta kanta. Wata tana zuƙa daga bayan babbar filtar inji. Wata kuma an haɗa bakinta da bututun da ya fito daga turbo. Wannan haɗi na uku yana da daɗi: iskar tatacciya ce, ta riga ta zo da ƙarfinta, tankuna na cika da wuri, kuma da yake akwai matsi a saman fistin, baƙin mai ba ya samun damar haurowa ta gefen zobba kamar yadda yake yi a sauran. Sai dai ƙarfin turbo ba a tsaye yake ba. Idan mota na tsaye inji na silo, kusan babu shi. Idan kuwa ta ɗauki lodi ta kama hawa, direba ya taka totur, yana iya kaiwa psi 20 zuwa 30 ko fiye. Iskar sarari da muke shaƙa nauyinta psi 14.7 ne. Ka ga ke nan idan turbo ya ƙara 30 a kai, abin da ke shiga silindar kwamfuresa a zuƙa ɗaya ya kusa ninka na asali sau uku. Nauyin ya faɗa kan fistin da sandarsa da boris, zafi kuma ya hau.

Aikin ɗan bawul ɗin nan shi ne ya hana haka. Kamfanin Bendix ya ƙera nasa don ya riƙe matsin bakin kwamfuresa a psi 10 ko ƙasa da haka, kuma an yi shi ne don kwamfuresa mai silinda biyu ko fiye, ba a sa wa mai silinda ɗaya. Cikinsa babu wani abin mamaki: ɗan fistin ne da sifirin da zobban roba. Idan matsi kaɗan ne, sifirin na barin ƙofa a wangale. Idan matsi ya ƙaru, iskar da kanta ke ture fistin ɗin ya rage ƙofar. Matsi ya ragu, ƙofa ta sake buɗewa. Babu wayar lantarki, babu hannun direba. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai injin niƙa ya ga yadda yake tare hatsi da hannu yana sakinsa kaɗan-kaɗan, don in ya bari ya zuba gaba ɗaya inji zai shaƙe. Hannun nan shi ne bawul ɗin.

Wata tankar mai ce ta sa na ƙara riƙe wannan da muhimmanci. Mai ita dattijo ne, ya zo garejinmu ransa a ɓace.

"Malam, motar nan ta zama mai cin kwamfuresa," in ji shi. "Na sayi ta hannu ta mutu, na sayi sabuwa ita ma ga ta nan tana ƙara."

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, kada a sayi wata tukuna. Bari mu ga abin da ke kashe su."

Muka kwance bututun ƙarfe da ke fita daga kan kwamfuresa. Da na ɗaga shi na leƙa, haske da ƙyar yake wucewa. Baƙin mai ya ƙone a ciki ya daskare, ya yi tauri har sai da muka sa guduma da kurfi, ramin da ya rage bai kai kaurin fensir ba. Fentin kan kwamfuresar ma ya babbake ya ɓare. Na bi tiyon shigar iska da hannu, sai na tarar ya taso kai tsaye daga bututun turbo ya faɗa bakin kwamfuresa, an ɗaure shi da kilif, ga kuma alamar wurin zaman wani abu da babu shi.

Na tambayi direba, ya yi shiru yana tunani. Yaron motarsa ne ya ce, "Oga, akwai wani ƙarfe da aka cire mana a hanya, lokacin da iska ba ta cika da wuri. Yana cikin akwatin kaya." Ya kawo shi naɗe cikin tsumma. Da muka buɗe, dattin mai da ƙura sun cika shi, fistin ɗin ya maƙale ƙofa rabi a rufe. Wanda ya cire shi ya gano inda iskar ke tsayawa, wannan gaskiya ne. Amma maganin shi ne a wanke a sauya zobba, ko a sa sabo, sannan a binciki inda dattin ke fitowa. Muka sa sabon bawul, muka sauya bututu da kwalbar diraya, muka gyara kwamfuresar. Motar ta koma hanya, cin kwamfuresa ya ƙare.

Darasi na farko da na ɗauka: abin da ba ka san aikinsa ba, kada ka cire shi. Masu ƙera mota ba sa ƙara ƙarfe don ado, kowane ɗan abu kuɗi ya ci kafin a sa shi. Haka kuma ba kowace mota ke da wannan bawul ba. Wadda ke zuƙar iskar sarari ba ta buƙatarsa, akwai kuma kwamfuresar da aka ƙera ta ɗauki ƙarfin turbo har zuwa wani mizani. Saboda haka cirewa da ka da ƙarawa da ka duk ɗaya ne. A duba lambar da ke jikin kwamfuresa, a nemi littafinta, yanzu har a waya ana samu. Matambayi ba ya ɓata, kuma babu bakaniken da ya girmi tambaya.

Na biyu: gwajin gareji daban, gwajin hanya daban. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro game da bawul ɗin. A gareji inji na silo, turbo na hutawa, don haka motar da aka cire mata shi lafiya lau za ta nuna. Geji zai hau, gwamna zai yanke, kowa ya ce an gama. Ɓarnar tana faruwa ne can inda bakanike ba ya nan, lokacin da mota ke nishi da lodi a wuri irin Hawan Kibo kan hanyar Akwanga zuwa Jos. A can ne kwamfuresa ke gasuwa, mai na ƙonewa cikin bututu, rami na ƙara tsukewa. Kowane hawa kuma yana da gangararsa, inda direba ya fi buƙatar iska. Tun daga lokacin, kafin in taɓa layin iska sai na zauna da direba na tambaye shi hanyar da yake bi da irin lodin da yake ɗauka.

Na uku: saurin cikar iska ba shi kaɗai ne lafiyar birki ba. Direbobi na son su ga allura ta tashi nan da nan, ban ga laifinsu ba, lokaci kuɗi ne. Amma akwai mizani. A mota mai layi biyu, idan inji na gudun aikinsa, ya kamata geji ya tashi daga psi 85 zuwa 100 cikin daƙiƙa 45. Idan aka kashe inji aka saki birki, iskar da ke zurarewa kada ta kai psi 2 a minti ɗaya ga mota guda, ko psi 3 ga kai da bodi. Ƙararrawar gargaɗi na tashi idan iska ta sauko wajen psi 60. Idan ta faɗo tsakanin 45 da 20, birkin sifirin na kama ƙafafun baya da kansa. Idan gwamna ya ƙi yankewa, akwai bawul ɗin tsaro da ke buɗewa a psi 150. Wannan tunani na birki ya kama idan iska ta tsere tsoho ne. George Westinghouse ya yi rajistar birkin iska na jirgin ƙasa a Amurka a 1869, a 1872 kuma ya sake tsara shi yadda in iska ta tsere birki zai kama maimakon ya saki. Kowane ɗaya daga cikin kayan nan aikinsa tarewa ne da hanawa, kuma abin takaici su muka fi saurin raba mota da su. Ƙararrawa ta dame mu, a cire wayarta. Birkin sifirin ya kama a hanya, a ɗaure shi a ci gaba da tafiya a manta. Bawul ya rage iska, a jefa shi akwati. Motar da aka yi wa haka tana tafiya, amma babu sauran abin da zai ce mata tsaya ranar da wani abu ya lalace.

Na huɗu: sauya kaya ba shi ne gyara ba. Kwamfuresa ba ta mutuwa haka kawai, wani abu ne ke kashe ta: filta da ƙurar hunturu ta toshe, ruwan sanyaya da ba ya isa kanta, yoyon iska da ke hana ta hutu, ko matsin da ya fi ƙarfinta daga turbo. Hanyar ganewa mafi araha tana hannun yaron mota. Kullum a ja zaren da ke ƙarƙashin kowane tanki a tsiyaye shi, a kuma tsaya a dubi abin da ya fito. Ɗan ruwa na nuna diraya ta fara gajiya. Baƙin mai ko kumfa mai yauƙi kuwa saƙo ne daga kwamfuresa, kuma a ranar ya kamata a kai maganar gareji.

Kirana ga masu motoci shi ne, duk lokacin da aka yi muku aikin iska, ku tambayi abu uku: daga ina kwamfuresa ke shan iska, me aka cire, me aka sa a madadinsa. Ku ce a nuna muku tsohon. Direbobi kuma, idan larura ta sa an yi muku dabara a daji don ku iso gari, ku faɗa da bakinku da zarar kun iso, kada dabarar kwana ɗaya ta zama gyaran dindindin. Mu kuma iyayen gidan gareji, yaran da ke hannunmu abin da suka ga muna yi shi za su yi. Mu buɗe musu kayan nan su ga cikinsu, mu gaya musu dalilin kowane sifirin, domin motar da muka sallama tana ratsa kasuwanni da ƙofofin makarantu, tana bin bayan ƙananan motoci cike da mutanen da ba su san mu ba amma ransu na rataye da aikinmu. Amana ce, kuma za a tambaye mu. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba mu ikon riƙe amanar.