Masu Sallama a Ƙofar Gidan Yarin New Bell

Duk wanda ya zauna a unguwannin Hausawa na Duwala ya san dogon bangon nan na babban gidan yarin New Bell. Muna wuce shi a hanyar kasuwa, muna wuce shi a kan babur, har ido ya saba da shi. Ita kanta unguwar ta samo asali ne daga ƙwace: Jamusawa ne suka tashi mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri suka ware musu wannan wuri, kuma a kan wannan rikici aka rataye Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta, 1914. Daga baya baƙi suka cika ta, ciki har da kakanninmu fatake, masu goro da mahauta da masu ɗinki.

An gina gidan yarin don mutum kamar 800, amma shekara da shekaru dubbai ne a ciki. Da yawansu ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. A watan Agusta na 2008 gobara ta tashi a ciki, fursunoni tara suka rasu. Wanda ya san daminar Duwala, yadda ruwa ke kwana yana zuba a Yuli da Agusta, zai iya kwatanta halin wanda makwancinsa tsakar gida ne.

Aikinmu na magatakarda a zauren dattijon unguwa ya sa takardu irin waɗannan suna ratsa hannunmu: uwa ta zo da sammaci da Faransanci tana son a fassara mata, ko wasiƙa ta zo daga Garwa ko Marwa ana cigiyar yaron da ya taho neman kuɗi aka daina jin ɗuriyarsa. Sau da dama idan muka bi sawu, a bayan wannan bango muke samunsa. Kuma sau da dama wanda ya fara kawo mana labarinsa ba ɗan'uwansa ba ne. Wata sista ce, ko wani dattijo daga majami'a, ya yi sallama a ƙofar zaure, ya ce akwai wani yaronku a ciki, ba shi da mai ziyara.

Waɗannan bayin Allah 'yan sa-kai ne, ba albashi ake ba su ba. Akwai na ɗarikar Katolika, akwai na Furotesta. Suna shiga da sabulu da garin rogo da tsofaffin tufafi da maganin ƙazuwa. Suna karanta Linjila da masu so, suna koya wa yara ƙanana karatu. Abin da ya fi wannan duka shi ne bin takardu: su je kotu su tono fayil ɗin da ya kwanta, su nemo lauya, su tuna wa hukuma cewa dokar shari'ar laifuka da ta fara aiki a 2007 ta ƙayyade wa'adin tsare mutum kafin hukunci. Ƙungiyar Kiristoci masu yaƙi da azabtarwa, wato ACAT, ta daɗe tana wannan fafutuka a Duwala. Marigayi Kadinal Christian Tumi, wanda ya shugabanci Katolikan birnin daga 1991 zuwa 2009, bai ɓoye muryarsa ba a kan haƙƙin waɗanda ake tsare da su. Hujjarsu tana cikin littafinsu, a babi na 25 na Linjilar Matiyu, inda aka jera ziyarar ɗan kurkuku tare da ciyar da mayunwaci.

A zaure mun sha jin masu cewa wannan alheri da ƙugiya a cikinsa, yaranmu ake farauta. Ba mu raina wannan damuwa ba, domin mai yunwa da kaɗaici zuciyarsa a buɗe take ga duk wanda ya kira sunansa. Sai dai amsar da dattijonmu kan bayar ita ce, wanda ya bar gonarsa ba shuka ba ya ƙarar maƙwabci don ya ga tsiro a kan iyaka. Yaba kyauta tukwici. Wanda ya wanke wa ɗanka gyambo ya cancanci godiya, sannan kai ma ka ɗaura ɗamara.

Mu da muka yi karatun allo da na zaure ba baƙi ba ne a wannan babi. Suratul Insan ta yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme. Annabi Yusuf, alaihis salam, daga cikin kurkuku ya yi kira zuwa ga tauhidi. Imam Ahmad bin Hambal ya sha ɗauri da bulala. Imam Sarakhsi yana tsare ya yi shiftar littafinsa Al-Mabsuɗ ga almajiransa. Alƙali Abu Yusuf, a cikin Kitabul Kharaj, ya shawarci Halifa Haruna Rashid da a ciyar da fursunoni a tufatar da su daga baitulmali. Ashe kurkuku ba ya cire mutum daga al'umma.

Abin da ke hana wasu iyalai zuwa shi ne kunya. A ce ɗan gidan wane yana gidan kaso, gara a ce ya yi tafiya. To, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Akwai masu kai abincin buɗa-baki da azumi da naman layya, Allah Ya saka musu. Amma yunwa ba ta san wata ba, shari'a kuma ba ta jiran Ramadan.

Shawararmu uku ce. Kowane masallacin Juma'a ya ware mutum biyu masu jin Faransanci da za su riƙa shiga kowane mako, su rubuta sunayen namu da matsayin shari'arsu. A buɗe asusu don waɗanda suka gama wa'adinsu amma tara ko kuɗin kotu ya riƙe su, malamai kuma su duba ko rabon mabarta daga zakka, wanda Suratut Tauba ta ambata, zai shiga nan. Sannan idan yaro ya fito, a samu maigida a kasuwa ya riƙe shi, a ba shi keken ɗinki ko teburin nama, kada titi ya sake karɓarsa.

Su kuwa maƙwabtanmu Kiristoci, sun riga mu sanin ƙofofin ofisoshi da hanyoyin kotu. Ba aibi ba ne mu zauna da su mu tambaya, kowa da addininsa. Zumunta a ƙafa take. Allah Ya kuɓutar da wanda aka zalunta, Ya shiryi mai laifi, Ya tsare mu da zuriyarmu. Amin.