Kafin Ka Sayi Gitar Bas

 Yau ba maganar taki ko ta allurar dabbobi na kawo maka ba. Maganar gita ce, wadda ake ce wa bas. Kada ka ce wannan ba zancenka ba ne. In ba kai ba, watakila ɗanka ko ƙanenka yana nan yana tara kuɗi a ɓoye dominta. Samari suna zuwa shagona nan Dakoro suna tambayata wace iri za su saya. Wani da kuɗin rago yake zuwa, wani da kuɗin geron da ya kamata ya kai gidansu damina. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na sani.

Ni tela ne. Ban gaji kiɗa ba, kuma ban taɓa roƙon kowa da shi ba. Sha'awa ce kawai, kamar yadda wani ke kiwon tantabaru. In na rufe shago, ni da abokaina uku mukan zauna mu kaɗa. Wani lokaci a kira mu biki, wani lokaci wata biyu ba wanda ya kira mu. Bas uku na riƙe a rayuwata, biyu suna nan har yanzu.

Da farko dai, mece ce bas? Gita ce mai dogon wuya da tsirkiya 4 masu kauri, duka na ƙarfe. Sunayensu Mi, La, Re, Sol, daga mai kauri zuwa siririya. Muryarta ƙasa take. In kana nesa da wurin biki ka ji wani abu yana bugun ƙirjinka kafin ka ji waƙa, to ita ce. Aikinta kamar na babbar ganga ne a cikin makaɗa, ita ke riƙe taki, sauran su yi ta yawo a kanta. Amma ka sani, ita kaɗai ba ta da daɗin hira. Mai gurmi yakan zauna gindin bedi shi kaɗai ya tara jama'a. Mai bas ba ya iya haka. In ba ka da abokin da ke kaɗa ƙaramar gita ko kalangu ko ganga, dakata tukuna.

A da, a ƙasashen Turawa, wani ƙaton abu mai kamar goge ake kaɗawa don a sami irin wannan murya. Tsayinsa ya kai na mutum, a tsaye ake kaɗa shi, ɗaukarsa wahala. A 1951 wani Ba'amurke mai suna Leo Fender ya fito da bas ta lantarki wadda ake ratayawa a kafaɗa, ya sa mata suna Precision. A 1960 kamfaninsa ya fito da ta biyu, Jazz. Ka riƙe waɗannan sunaye biyu, don yawancin bas da za ka gani a kasuwa kwaikwayon ɗaya daga cikinsu ne, ko da wane suna aka rubuta a kai.

Tawa ta farko irin ƙirar Precision ce, ba ta da sunan kowa a ka. Hannu na biyu na saye ta a Maraɗi. Wuyanta faɗi gare shi, ya cika hannu. Maɓallanta biyu ne kacal, ɗaya na ƙara murya, ɗaya na tausasa ta. Muryarta dunƙule take kamar tuwon da ya kwana. Ta biyu irin Jazz ce. Wuyanta siriri, yatsa na gudu a kai, maɓallai uku, murya garau. Yaro mai ƙaramin hannu ya fi jin daɗinta. To wace ta fi? A ɗaki, da dare, Jazz nake ɗauka. A wurin biki kuwa, inda injin wuta ke ruri, yara na ihu, mata na guɗa, tsohuwar nake ɗauka.

Ga dalili. A ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai wani abu baƙi da muke ce wa mikoro. Maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar tagulla. In tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai ya haifi ƴar wuta kaɗan, ta bi waya zuwa ampili, ampili ya ƙara mata ƙarfi, lasifika ta fitar. Shi ya sa in ka ɗaura mata tsirkiyar gurmi ba za ka ji komi ba. Jazz mikoro biyu gare ta. In ka buɗe ɗaya kawai, yakan jawo wani gurnani kamar na zuma, balle kusa da injin wuta ko doguwar fitila. In ka buɗe su daidai wa daida, gurnanin ya ɓace. Ita kuwa Precision, tun 1957 aka raba mikoronta gida biyu yadda rabi ke kashe gurnanin rabi. Ba ruwanka da lissafi, kaɗa kawai.

Ta ukun mai tsirkiya 5 ce, kyakkyawa, baƙa wuluk. Wani abokina da ya dawo daga bakin teku ya kawo ta. Irin wadda ke cin pil ce, ɗan pil mai kusurwa huɗu mai volt 9. Muryarta ta fi ta sauran biyu ƙarfi. Amma ranar da pil ya mutu sai ta yi gum, kuma irinsa mai kyau ba kowane tebur ke da shi ba. In an bar waya a jikinta an kwana, pil na nan yana ƙonewa. Ga tsirkiya ta biyar, wadda in ta tsinke sai an yi saƙo Yamai ko Kano. Na sayar wa wani mai kiɗa a birni, shi ta dace da shi. Mu nan, abin da mai gyaran rediyo zai iya buɗewa ya gane, shi ne namu.

Yanzu ga yadda ake duba ta. Kai da ka saba da kasuwar dabbobi, ai ba ka sayen sa don kyan ƙaho. Kana buɗa baki, ka dubi kofato, ka sa a ja shi ya yi tafiya. Haka ita ma.

Fara da wuya, nan ne ranta. Ɗaga ta, ka sa ido daga kai zuwa gindi kamar mai duban sanda. In wuyan ya murɗe, gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, ajiye ta ko da kyauta ce. In ɗan lanƙwasa ne kawai kamar baka, wannan da magani. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake ɗaurewa ko sassautawa da ɗan makulli. Sa mai sayarwa ya juya ta kaɗan a gabanka. In ta ƙi motsi, ko tana juyawa banza ba ta kama komi, to cinikin ya mutu. Bayan haka danne tsirkiya mai kauri a gaɓar farko da ta ƙarshe, ka dubi tsakiya. Tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfe kada ta wuce kaurin katin ɗan ƙasa.

Sai ka bi gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, kowace tsirkiya, tun daga sama har ƙasa. Kada kunya ta kama ka don mai kaya ya ƙosa, kuɗinka ne. Inda ka ji tana zizar kamar ƙuda, ka lura. Ka kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a gaɓa ta 12. Murya ɗaya ya kamata ka ji, ɗaya ƙasa ɗaya sama, kamar uba da ɗansa suna rera abu guda. Juya maɓallai ka ji ko suna ƙarar yashi. Girgiza wayar a bakin raminta. Daga nan rataya ta ka tsaya. Nauyinta yakan kai kilo 4, wata ta fi, kuma biki ba ya ƙarewa da wuri. In kanta na rinjaya ƙasa da zarar ka saki wuya, kafaɗarka za ta gaya maka gobe. Yaro ɗan shekara 12 kuwa a nema masa gajera. Tsirkiyar babba santimita 86 ce, ta gajera wajen 76.

Kada sunan da ke ka ya ruɗe ka. Suna takarda ce, ana manna ta. In ka ga an rubuta Fender kuma kuɗinta bai wuce na tunkiya ba, ka san ba ita ba ce. Wannan bai hana ta yi kyau ba, sai dai kada ka biya kuɗin sunan. Kamfanin da kansa yana da mai sauƙin kuɗi, Squier, tun 1982. Akwai kuma Yamaha da Ibanez, na kamfanonin Japan. Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ta Ingila, a 1961 wata bas ta Jamus mai suna Höfner ya saya, don kuɗinsa ba su kai na Fender ba. Da ita ya fara yin suna. An sace ta a 1972, ba ta dawo hannunsa ba sai bayan shekara hamsin da wani abu, labarin ya bazu a 2024. A nan ƙasarmu ma, Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa da ke kiɗa har Amurka da Turai, da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko.

Ga inda samari ke faɗawa rami. Sukan kashe kuɗin duka a kan gita, su manta ba ta magana sai da ampili. Kuma ba kowane ba. In ka sa ta a ƙaramar lasifikar rediyo ko ta ƙaramar gita ka buɗe murya, takardar lasifikar za ta yage. Tana son babba. Ampili kuma yana son wuta tsayayya, injin da ke hawa yana sauka yakan ƙone shi. Ga waya, ga maɗauri, ga jaka, ga tsirkiyoyi. Saboda haka in jika ɗari gare ka, ba gitar jika ɗari za ka nema ba. Raba kuɗin biyu. In tsirkiyoyi sun dushe da gumi da ƙura, kwance su ka tafasa cikin ruwa, ka shanya su bushe sarai. Muryarsu takan ɗan dawo, ko da ba ta daɗe ba.

Ina ake samu? A Maraɗi akan dace da hannu na biyu wurin makaɗa. Yamai ta fi yawa. Wasu sukan bi ta Ɗan Isa da Jibiya su je Sabon Gari a Kano. Yanzu kuma ana turo hoto a WhatsApp a ce ka aiko kuɗi. Hoto ba ya nuna murɗaɗɗen wuya. In ba za ka je ba, aiki wanda ya iya kaɗawa, ba wanda ya iya ciniki kawai ba. Kuma ka bari sai kaka, bayan rumbu ya cika an fitar da zakka. Na ga gidan da aka yi wata guda uba da ɗa ba sa magana saboda gitar da aka saya da bazara. Ni in yaro ya zo mini, tambayar farko da nake yi masa ita ce, babanka ya sani?

In ta shigo gida, sai kiwo. Iskarmu ba irin ta inda aka ƙera ta ba ce. Da hunturu itace na ƙanƙancewa, bakin ƙarafan wuya su fito su riƙa yankan hannu. Ɗan magagari mai laushi ya isa, a hankali. Da damina itace ya kumbura, tsirkiya ta yi nisa ko ta kwanta, sai a ɗan juya sandar ciki, rubu'in zagaye, a bar ta ta kwana a sake dubawa. Kada ka bar ta a rana ko a saman mota. Kada ka jingina ta da bangon ƙasa, gara ba ta san tsada ba. Ni ɗinka wa tawa riga na yi da ragowar yadi mai kauri, na buga ƙusa biyu a azara na rataye su can sama, inda akuya da yara ba sa kaiwa.