Gadon baƙo a cikin jirgin ruwa: aikin da muka tsaya wa ɗan'uwanmu kafinta

Da yawa daga cikinku sun ji labarin cewa ƙungiya ta tsaya wa wani mambanmu kafinta a kan aikin da ya samu a bakin ruwan Legas, kuma an yi ta tambayarmu wane irin aiki ne har ya ci mako uku. Ga bayaninsa.

Jirgin na shaƙatawa ne, irin wanda ke tafiya da iska ta hanyar manyan ƙyallaye da ake ɗaurawa a doguwar sanda, amma yana da ɗan inji na shiga da fita. Tsawonsa kamar mita 9. Irin waɗannan jirage sun daɗe a garin nan, domin Lagos Yacht Club da ke Onikan tun 1932 aka kafa shi. A cikin jirgin akwai wajen kwana a goshi, da benci biyu a tsakiya da ake iya kwanciya a kansu, sai wani gado ɗaya siriri a baya, kusa da matakalar shiga, wanda ya kutsa ƙarƙashin wurin da matuƙi ke zama. Mutum da ƙafa yake fara shigarsa kamar mai shiga buhu. Wannan gadon ne mai jirgin yake so a mayar masa kabad-kabad na ajiya.

Mai jirgin ya ce ba zai ba baƙon kafinta makulli ba sai da wanda zai tsaya masa. Shi ya sa muka je mu uku, da shugaba, da ma'aji, da sakatare, muka sa hannu da sunan ƙungiya. Daga ranar aikin ya zama namu, domin in ya ɓaci sunanmu ne zai ɓaci.

Da muka leƙa gadon, babu wurin da mutum zai sa haƙarƙarinsa. Igiyoyi ne jibge, da rigunan ceto, da jarkokin ruwa, da akwatin kayan gyara, da wani ƙyallen iska na ko-ta-kwana. Katifar ta yi fumfuna. Mai jirgin ya ce shekara biyu ke nan ba wanda ya kwana a wurin.

Duk da haka shugabanmu bai saki jiki ba. Ya dubi kafintan ya ce, "Malam, kai da ka sauka garin nan a tabarmar wani, yau kai ne za ka tashi shimfiɗar baƙo?" Aka yi dariya, amma maganar ta zauna mana. Babu ɗaya daga cikinmu da ya zo Legas da ɗakinsa a ka. Wani a Agege aka sauke shi, wani a Idi-Araba, wani a shagon ɗan garinsu a Mile 12. Kafintan ya ce, "Ranka ya daɗe, ni umarni aka ba ni, amma bari mu ji abin da matuƙa za su ce."

Abin da matuƙan suka ce ya ba mu mamaki, domin ya zo daidai da maganar shugaba ta wata hanya. Sun ce wannan siririn gadon shi ne mafi daɗin kwana idan jirgi yana tsakiyar teku. Gadon goshi shi ya fi tsalle idan igiyar ruwa ta tashi. Na bayan kuwa ƙuncinsa ne amfaninsa, mutum ba ya gangarowa, kuma yana kusa da matuƙi idan an kira shi da dare. Wanda yawonsa bai wuce Tarkwa Bay ya dawo da yamma ba, ba zai ji rashinsa ba. Amma ranar da zai nufi Kwatano ko Lome, ko ranar da zai sayar da jirgin, zai nemi gadon nan.

Da aka kai wa mai jirgin wannan magana, sai aka tsaya a kan cewa ba za a fasa komai ba. Za a cire katifa a adana, a bar katakon gadon yadda yake, a ƙera akwatuna uku masu ƙofa waɗanda za a ɗaure da noti. Duk ranar da aka so, a kwance su cikin awa ɗaya, gado ya dawo.

Daga nan ne muka ga bambancin aikin ruwa da na tudu. Da farko, babu bango miƙaƙƙe a cikin jirgi. Jikinsa lanƙwashe yake ta ko'ina, kuma abin gwada daidaito na magina ba ya aiki a kan abin da ke lilo. Sai da kafintan ya yi kwana biyu yana yanka kwali, yana gwadawa, yana ragewa, har kowane gefe ya zauna daram, sannan ya zana siffar a kan katako. Ƙofar shiga jirgin ma ƙarama ce, dole kowane akwati ya zama wanda zai iya wucewa ta cikinta.

Na biyu, katako. Filawud ɗin da ake yin kabad ɗin ɗaki da shi ba ya jure iskar gishiri da damshin Legas, yakan kumbura ya ɓare. Akwai na jirgin ruwa musamman, wanda ake haɗa shi da gam da ruwa ba ya narkarwa, kuma mai kyansa yana ɗauke da lambar BS 1088. Yawanci da itacen okume ake yinsa, wanda Gabon ta yi suna da shi, ga shi ba nauyi. Ko shi ma sai an shafe duk bakin da aka yanka da gam mai ƙarfi da ake kira efoksi, domin ta nan ruwa ke shiga. Noti da maratayin ƙofa kuwa sai na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai lamba 316. Ƙarfen kasuwa na yau da kullum damina ɗaya ta ishe shi ya zubar da jan ruwa a jikin katako.

Na uku, ba a huda jikin jirgi. A gida kafinta yakan kafa ƙusa a bango ya wuce. A nan bayan bangon teku ne. Sai dai a manna 'yan guntayen katako a jikin da gam, su bushe, sannan a ɗaura akwatin a kansu.

Na huɗu, nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka biyu masu lita 25 sun kai buhun shinkafa. Idan aka tara irin wannan a can ƙarshen baya, kuma a gefe guda, jirgi zai karkace, ya riƙa sunkuyo da ɗagowa fiye da kima. Don haka aka shirya abu mai nauyi ya zauna ƙasa kuma kusa da tsakiyar jirgi, mara nauyi irin rigunan ceto da ƙyalle ya tafi can ciki.

Na biyar, sakata. Jirgin iska a karkace yake tafiya, yakan kwanta kamar digiri 15 zuwa 20 ba tare da wata matsala ba, ga kuma igiyar da manyan jiragen Apapa da Tin Can ke tayarwa idan sun wuce. Ƙofar da maganaɗisu kawai ke riƙewa za ta buɗe, guduma ta fito ta sami ƙafar wani. Kowace ƙofa sai da aka sa mata sakatar da sai an danna take buɗewa, kowace kanta aka yi mata ɗan baki da zai tare kaya. Aka kuma huda ramuka a ƙofofin don iska ta riƙa ratsawa, saboda fumfuna.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na ƙarshe. A gefen gadon akwai murfin da ake buɗewa a kai ga bayan inji, a ƙarƙashinsa kuma akwai batir da wani bututu mai famfo da ya ratsa jikin jirgin. Idan bututun ya tsage, wannan famfon ake rufewa, kuma cikin gaggawa. Kabad mai kyau da ya toshe shi zai iya nutsar da jirgi da mutanen ciki. Kafintan ya bar akwatin farko da bayansa a buɗe, ya sa mai jirgin ya rufe ido ya miƙa hannu ya kama famfon. Sai da ya kama shi sau uku a jere kafin aka ɗaure notin ƙarshe.

An biya ɗan'uwanmu haƙƙinsa cif, an mayar mana da takardar da muka sa wa hannu, kuma wani mai jirgi a wurin ya riga ya nemi ya duba masa nasa. Katifar an wanke ta, an shanya, tana nannaɗe a gidan mai jirgin.

Ga matasanmu masu koyon kafinta, akwai abinci a bakin ruwan nan, amma sai mai haƙurin awo da yawan tambaya. Kwalayen da aka yi gwajin da su suna ofishin ƙungiya, kuma kafintan ya yarda zai zo taron wata mai zuwa ya nuna yadda ake ɗaukar siffar bango mai lanƙwasa. Wanda yake da yaro mai sha'awa ya zo da shi. Allah Ya sa wa sana'o'inmu albarka.